Tamostat a Cikin Kwali

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon wayarin ɗin mota a bayan tashar Yendi, wani ƙarfe da bai kai murfin kofin shayi ba ya raba ni da abokina na ƙuruciya. Wasu daga cikinku sun sha tambayata abin da ya sa nake ɗaukar zafi duk lokacin da aka yi maganar cire wa mota tamostat. To yau ga dalilin.

Ni da abokina 'yan Salaga ne, layinmu ɗaya. Tare muka yi makarantar allo, tare muka sha bulala, kuma a gareji ɗaya muka koyi riƙe sifana, wurin wani tsohon bakanike da duk gari ke kira Baba. Ni na zarce da sana'ar, na je Kumasi na koyo wayarin da aikin kwamfutar mota. Shi kuwa ya ga baƙin mai bai dace da farar rigarsa ba, sai ya koma tuƙi. Amma bai bar garejin hannu rabbana ba, don 'yar Baba ya aura. Ka ga ke nan tsohon nan ubangidana ne, shi kuma surukinsa.

Bayan ya daɗe yana tuƙa motocin mutane, Allah ya hore masa tasa: akori-kura 'yar fetur, ta hannu, daga Turai. Zai ɗauki doya daga Salaga ya bi ta Yendi ya kai Bawku, ya juyo da albasa. Ranar da motar ta iso, kafin ma a kai ta gida a yi mata addu'a, garejin Baba aka fara kai ta.

A wajenmu akwai al'adar da kanikawa ke yi wa duk motar da ta zo daga ƙasar sanyi. A garejin Baba kaciya muke ce mata. Za a kwance tiyon ruwa a zare tamostat a wurgar, sannan a ja wayar fanka a haɗa ta kai tsaye da makulli, yadda da ka tada mota fanka za ta kama juyawa, ba za ta tsaya ba sai ka kashe. Hujjarsu ita ce Bature don ƙanƙararsa ya yi tamostat, mu nan rana ta ishe mu. Ni kaina na zare su ba adadi ina ɗan koyo, ina jin ni wani ne. A tsofaffin motoci masu kafireto abin bai cika nuna illa da wuri ba. Amma motar abokina mai kwamfuta ce.

Ba a jima ba sai ga shi a shagona, ya sha mur, salansa na fitar da baƙin hayaƙi.

Ya ce, "Massa, motan nan yana shan fetur paa. Kafin na kai Bimbilla allura ya faɗi. Ni nake yi ma gidan mai aiki."

Na ɗauko laftof ɗina. Wannan laftof, jama'a, batirinta ya mutu tun kafin in saye ta, murfinta kuma da salatif na ɗaure shi, amma yadda nake rungumarta in ratsa tasha sai ka rantse likita ne ya zo duba mara lafiya. Na jona ta, muka fita kan hanyar Gushegu yana tuƙi ina kallon lambobi. Muka yi tafiya mai nisa, zafin ruwan injin ya ƙi hawa. Can ƙasa yake lilo, wajen digiri hamsin da wani abu.

Bari in yi muku bayani yadda na yi masa a bakin hanya. In inji yana da sanyi, kwamfuta ba ta tambayar kowa. Fetur take zuba masa da yawa daga abin da ta haddace, kamar uwar da ke ɗura wa yaro koko ba ta tambayi ko ya ƙoshi ba. Sai ruwa ya kai wani zafi da aka rubuta mata, a tasa motar digiri saba'in ne, sannan ta fara sauraron wata sensa da ke jikin salansa. Ita wannan sensa hayaƙi take shinshinawa, ta ce mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, kwamfuta ta gyara, ta sake tambaya, ta sake gyarawa, haka har a kashe mota. Tamostat shi ne ƙofar da ke tsare ruwa a cikin inji har ya yi wannan zafin. An cire ƙofar, an kuma sa fanka tana hura lagireto ba hutu. Saboda haka kwamfutar motarsa daga Salaga har Bawku tana zaton asuba ce, mota ba ta gama ɗumi ba.

Na ce masa maganin bai kai ya kawo ba. A mayar da tamostat, a mayar da fanka hannun kwamfuta. Aikin da za a gama kafin shayi ya huce.

Ya ɗan yi wasa da makulli. Can ya ce, "Baba ne ya cire da hannun shi."

Na ce na sani, ai na gane ɗaurin wayarsa.

Ya ce, "Duk sati yana buɗe bonet ya duba. In ya ga na mayar, na ce mishi bai iya aiki ba ke nan. Ni a gidan shi nake cin tuwo ran Juma'a. Ɗan'uwa, kai ba ka iya gaya ma kwamfutan ya daina jiran zafin nan? Baba ba ya ganin cikin kwamfuta koraa, ko kaɗan."

Gaskiya ana iyawa. Lamba ce a cikin kwamfutar, in kana da kayan aiki sai ka sauko da ita. Na ce masa wannan zai rage shan mai, amma ba zai hana abin da nake tsoro ba. Fankar nan ba a yi ta don ta yi ta juyawa daga safe har yamma ba. Wata rana za ta ƙone, kuma ba za ta zaɓi wuri mai inuwa ba. Ya ce ya ji, in dai taimaka masa yanzu, shi zai lallaɓa tsohon a hankali.

Na yi masa. Na sauko da lambar zuwa hamsin, na rage ƙarin man da take bayarwa na sanyi, muka sake hawa titi. Muna cikin tafiya na ga lambobin sensa sun fara rawa sama da ƙasa, alamar kwamfuta ta fara sauraro. Hayaƙi ya washe. Ya buga sitiyari yana dariya, ya ce ashe zuwana Kumasi ba cin burodi kawai na je yi ba. Kafin ya tafi na shiga shagon kayan gyara na sayo sabon tamostat a cikin kwalinsa, na damƙa masa. Na ce ranar da Baba ya yarda, ka zo in saka, kar ka ja lokaci. Ya jefa shi a aljihun dashbod ya ce in sha Allahu.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na yi a Yendi. Abokina ya zama mai yi mini talla. Duk tashar da ya tsaya sai ya ba da labarin yadda na sa motarsa azumi. Direbobin da a da suke ce wa laftof ɗina talabijin suka fara layi a ƙofar shagona. Duk lokacin da ya biyo zai sauke mini doya, ko ƙullin albasa in daga Bawku yake. Ni kuma sai na tambaye shi tamostat, shi kuma sai ya ce Baba bai da lafiya, ko Baba ya yi baƙi, ko dai a bari a sha ruwa.

Ana tsakiyar zafin bazara, wata rana da azahar ya kira ni. Ya ce yana hawan dutsen Nakpanduri, ya taso daga Bawku da lodin albasa, mota ta yi tururi ta mutu. Na rufe shago na hau babur.

Na same shi zaune a kan dutse a gefen hanya, farar rigar ta koma ruwan ƙasa. Tun kafin in buɗe bonet na ji ƙaurin. Na murza makulli, fanka ko motsi. Na sa hannu na juya ta, ta cije, ɗan injin da ke juya ta ya ƙone ƙurmus. Shi da kansa ya zo ya gwada juya ta da yatsa, ya ce, "Fanka ya mutu. Abin da ka faɗa ne." Na tambaye shi bai ga allurar zafi tana hawa ba? Ya ce tun da ya sayi motar allurar nan a ƙasa take kwance, har ya daina kallonta. Gaskit ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe, ruwa ya haɗu da baƙin mai.

Na buɗe aljihun dashbod ina neman tsumma, sai ga kwalin nan, ko buɗe shi ba a yi ba. Na ɗaga na nuna masa. Ya kau da kai, idonsa ya kawo ruwa. Tausayinsa ya kama ni, na sa kwalin a aljihun rigata. Ni na nemo motar da ta kwashe albasar mutane, ni na nemo wadda ta ja tasa zuwa Yendi. A hanya yana ta cewa ba shi da ɗan'uwa kamata.

Kwana kaɗan bayan haka aka ce Baba zai zo daga Salaga ya buɗe injin da kansa, kuma shugaban tasha, wanda muke kira Ciyaman, yana son a yi a gaban direbobi, don magana ta fara yawo kuma da yawansu na taɓa musu kwamfuta. Da safen ranar mahaifiyata ta kira ni. Labari ya riga ya kai mata, Salaga ba ta ɓoye komai.

Ta ce, "Na ji za ku zauna da tsohon nan. Lokacin da mahaifinka ya rasu shi ya karɓe ka, bai tambaye ni ko sisi ba. Ko me za a yi, kar ka kunyata shi a gaban mutane."

Na ce, "Mma, ba sai na yi magana ba. Mai motar ya ga komai da idonsa, shi zai faɗa."

Har ga Allah haka na yi zato. Na ɗauka abokina zai ce fanka ce ta ƙone, ƙaddara ce, a tashi. Ba wanda zai ji kunya.

Aka taru a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, direbobi sun kewaye motar. Baba ya cire kan inji, ya shafa, ya shinshina filogi, ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo gare ni, ba da faɗa ba, ya ce, "Ɗana, inji da mai yake rayuwa. Ka hana shi abinci, ya bushe, ya ƙone. Wannan akwatin naka bai san zafin ƙasarmu ba." Kuma na san har zuciyarsa abin da ya yarda da shi ke nan.

Na ce, "Baba, a gafarce ni, a duba fanka."

Ciyaman ya sa aka murza makulli. Fanka ta tashi tana juyawa fes, har tana kaɗa gefen rigar Baba.

Na sunkuya na duba. Fankar ba wadda na taɓa a kan dutse ba ce. Ta hannu ce, an shafa mata ƙasa don ta saje, amma kan notocin yana ƙyalli inda sifana ta kama su. Wato a 'yan kwanakin nan abokina ya je ya nemo wata, ya ɗaura, ya zauna ya shafa mata ƙasa da hannunsa. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har gobe. Da a ce tsoro ne ya kama shi nan take ya yi ƙarya, da na fahimta. Wannan kuwa sai da ya yi tunani, ya hau mota, ya yi ciniki.

Ciyaman ya dube shi ya ce, "Direba, kai ke da mota. Fanka ta tsaya maka a hanya?"

Ya ce, "Fanka yana aiki, Ciyaman."

"Mai wayarin ya taɓa ce maka akwai abin da za a gyara?"

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Ni dai tun da aka taɓa kwamfuta ne motan ya canja."

Hannuna yana cikin aljihu a kan kwalin. Abin da kawai ya rage in fito da shi, in ce a tambaye shi wa ya saya masa wannan da kuma dalili, in nuna notocin nan masu ƙyalli. Direbobi ba yara ba ne, da sun gane. Amma in na yi haka, na ce ke nan a gaban tasha guda aikin Baba ne ya kashe motar mijin 'yarsa, kuma mijin 'yar ya yi masa rufa-rufa kamar ƙaramin yaro. Na dubi tsohon, yana goge hannu da tsumma, yatsun nan da suka koya mini ɗaure noti. Na tuna muryar mahaifiyata. Na zare hannuna daga aljihu ba komai a ciki.

Na ce, "Allah ya kiyaye gaba."

Shi ke nan aka watse. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya ce in biya. Abin da ya biyo baya ya fi zagi ciwo. Waɗanda na gyara wa mota suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da fara'arsa, wai in mayar musu da kwamfuta yadda take. Na mayar, suka koma shan mai suna godiya. Daga nan ƙafa ta ɗauke. In na ratsa tasha sai in ji ana cewa a ɓoye makulli ga mai sa inji azumi ya zo, a kwashe da dariya, ni ma in yi yaƙe. Na kai ga ina wuni a shago ba abin da nake gyarawa sai fitilar babur. Abokina kuwa ya daina bi ta layina. In dole ta sa ya shigo Yendi, ta bayan kasuwa yake zagayawa.

Da na ga zaman ba zai yiwu ba na tattara na koma Bawku, inda ba wanda ya san labarin, na fara daga farko. Alhamdu lillahi, yau ina da rufin asiri, laftof ɗin ma na yi sabuwa mai batiri. Baba har ya koma ga Allah bai san an canja fankar nan ba. Duk sallah in na je gaishe shi sai ya dafa kaina ya ce in riƙa hankali da akwatin nan, in ce to Baba. Ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. Abin da ya sani ya yi, kuma a zamaninsa ya yi wa mutane amfani.

A wurin zaman makokinsa ne muka haɗu da abokina. Ya yi ƙiba, ya yi sabuwar mota. Bayan an shafa fatiha ya jawo ni gefe, bayan garejin da muka tashi a ciki.

Ya ce, "Ɗan'uwa, ka san na sani. Ni ma na san ka sani. Ka yi haƙuri."

Na ce na yi haƙuri tuntuni. Amma yanzu Baba ba ya nan, ba sauran wanda za a kunyata. Mu je tashar Yendi, ƙarƙashin bishiyar nan, ka faɗa musu abin da ka faɗa mini a kan dutse.

Ya yi 'yar dariya, ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Haba massa, maganan nan ya wuce. Wa ke tunawa?"

Ni ke tunawa. Kuma a Yendi ma ana tunawa, don ko bara wani direba ya zo shagona a Bawku, bai san ni ba, yana ba ni labarin wani mai wayarin da ya taɓa ƙona injin abokinsa da kwamfuta. Na ce masa Allah ya raba mu da irinsu. Shi ne kuma ya gaya mini wai abokin nawa yanzu shi ke yi wa sababbin direbobi huɗuba a tashar Salaga, yana cewa kar wanda ya yarda a cire masa tamostat, shi ya san abin da ya gani.

Mutane suna son in an ba da irin wannan labari a ce daga baya komai ya zama alheri. Ni ban ga alherin da ke cikin wannan ba. Na yi shiru don mahaifiyata da ubangidana, kuma ko yau aka maimaita shirun zan sake yi. Amma shirun nan da na yi, wanda ya fi kowa cin moriyarsa shi ne wanda bai cancanta ba, kuma har yau bai ga ya kamata ya sauke mini shi ba. Muna gaisawa a biki da makoki. Yana aiko mini da doya lokacin sabuwa, ina rabar wa maƙwabta.

A wajen aiki kuwa, tun daga ranar ban ƙara sauko wa kowa da lambar zafi don a rufe wani abu ba. In ka zo mini mota tana shan mai, tiyo nake fara kwancewa kafin in buɗe laftof. In ba tamostat, a saka, ko ka kai wani wuri. Ko wane ne ya cire maka, ban son ji.

Kwalin nan yana nan a kan kanta a shagona, rana ta cinye rubutun jikinsa. Lokaci-lokaci wani zai hango shi ya ce irin na motarsa ne, in sayar masa. Sai in ce yana da mai shi, bai dai zo ya karɓa ba tukuna.